Kwanon da Aka Ware wa Yaya

A garinmu, can gefen Gangara, namiji ba ya cin tuwon dare a cikin gida. Da an idar da sallar magariba kowane gida zai fitar da kwanonsa zuwa ƙofar gidan Baffa, ƙanen mahaifinmu, a shimfiɗa tabarmi, a jera kwanonin a tsakiya. Sai a buɗe ɗaya kowa ya sa hannu, in ya ƙare a jawo na gaba. Ciyayya ke nan. Mu mata ba ma zama a wurin, amma kada wani ya ce maka ba mu san abin da ake ciki ba, domin kwano yana dawowa da labari. In miyarki ta yi daɗi zai dawo a suɗe tas. In kin cika kanwa zai dawo da rabin tuwo a ciki, kuma washegari a bakin rijiya sai an tambaye ki ko lafiya.

Ni nake tuƙa tuwon gidan yayana tun da mijina ya rasu na dawo gida. Matar Yaya mutuniyar kirki ce, amma ba ta da hannun miya, ita ma ta san haka, shi ya sa ranar da na karɓi muciya ko tayin riƙewa ba ta yi ba. Da rana ina matsar man gyaɗa, in soya ƙuli-ƙuli, ranar kasuwa in kai Gangara. Da yamma in tuƙa, in kwashe a babban kwanon Yaya, a fitar. Ban taɓa ganin kwanon nan ya dawo da ko loma ɗaya ba, kuma ba zan ɓoye ba, ina ji da kaina a kan haka.

A wurin ciyayyar in ka ji an kwashe da dariya, to Yaya ne da ɗan Gwaggo. Gwaggo ƙanwar mahaifinmu ce, don haka ɗanta taubashinmu ne, abokin wasa, wanda zai zage ka ka zage shi ba mai cewa an yi rashin kunya. Shi da Yaya sa'annin juna ne, kuma tun suna yara ba su taɓa gaisawa irin ta mutane ba. In sun haɗu a hanya ɗaya zai fizge hular ɗaya. In akwai nama a miya ɗan Gwaggo ba zai ci na gabansa ba, sai ya miƙa hannu ya ɗauke wanda ke gaban Yaya, Yaya ya cafke masa wuyan hannu, a yi ta kokawa a kan tsoka ɗaya dattawa na dariya. "Mai ƙaton ciki" yake kiran Yaya. Ni ma ban tsira ba, "mai ƙuli" yake ce mini, wai ƙulina don tauri da shi yake jifar tsuntsaye a gona. Ni kuma in ce masa mai kunnen jaki.

Akwai wani gawo a kan iyakar gonar Yaya da tasa. Da rani, lokacin da ciyawa ta ƙare, kowa yakan kakkaɓo 'ya'yansa ya kai wa dabbobi. Wata rana Yaya ya iske ɗan Gwaggo a bisa da gatari yana saro wa tumakinsa manyan rassa. Da wasa aka fara kamar kullum, ɓarawo sauko, ɓarawo ba zai sauko ba. Akwai mutane a gonakin kusa suna sassabe, suna ji suna dariya. Sai bakin Yaya ya zarce. Ya ce ɗan mace ba shi da itace a nan, gonar ma da yake taƙama da ita aro aka ba uwarsa. Wannan ba maganar wasa ba ce, kuma Yaya ya san inda take ciwo. Ɗan Gwaggo ya diro ya kai sara, Yaya ya tare da hannun dama.

A amalanken jaki aka kai shi bakin hanya, daga nan likitar Gazawa, wato asibiti, daga nan Maradi. Ni na yi jinyarsa, ni nake ba shi kunu a baki. Ba a yanke hannun ba, amma da aka kwance bandeji yatsun sun lanƙwashe sun manne da tafi, ba su ƙara buɗewa ba. Ɗan Gwaggo bai gudu ba, a gindin gawon jandarma suka same shi zaune. Na je kotu ranar shari'a, da yake ni ce na yi lakol, wato boko, a gidanmu, na ji da kunnena alƙali ya yanke masa shekaru a gidan kaso. Na dawo ina gaya wa kowa an yi mana adalci. A lokacin gani nake magana ta ƙare ke nan, saura Yaya ya warke mu koma yadda muke.

Da ya ji sauƙi har ya fara fita masallaci, ranar da zai koma ciyayya na yi miyar kuka wadda ta amsa sunanta. Ashe Baffa ya daɗe yana tunanin yadda za a yi. Abin da ke ran kowa ba wanda ya furta, ni zan furta: mutumin da hannu ɗaya ya rage masa, da shi zai yi tsarki, da shi zai ci abinci, kuma hagu ne. Liman ya riga ya faɗa a masallaci cewa lalura ce, ba laifi. Amma faɗar liman daban, ganin hagu a kwanon da kowa ke ci daban. Baffa, don tausayi, wallahi don tausayi, ya aika Gazawa aka sayo sabuwar langa mai zanen furanni da cokali. Da Yaya ya zauna aka ɗebi tuwo aka zuba masa a ciki, aka ajiye a gabansa, gefe kaɗan da na jama'a.

A garinmu mutum biyu ake ware wa kwano, kuturu da mai tarin fuka. Baffa ya san haka, kowa ya sani, amma ƙyallin sabuwar langa ya rufe musu ido, gani suke karramawa suka yi. An ce mini Yaya ya ɗan kai cokali baki, ya yi hamdala, ya tashi. Ba wanda ya ɗauke masa nama, ba wanda ya ce masa komai sai sannu. Daga ranar bai sake zama a ciyayya ba.

A ɗaki yake ci, asabari a sake, ya juya wa ƙofa baya. Ko 'ya'yansa ba sa ganin cinsa. Sai in tuƙa tuwo in raba, babban kwano ya fita waje don kada a ce gidanmu ya janye, ƙarami ya shiga ɗaki. Na waje ya dawo a suɗe, na ɗaki ya dawo an ɗan taɓa gefe. Mutumin da in ya yi dariya ana jin sa daga rijiya ya koma sai ka maimaita tambaya kafin ya ce uhm. Ya koyi riƙe hauya da hagu, ya koyi ɗaure jaki da haƙori da hannu ɗaya. Duk wannan ya iya. Cin tuwo a gaban maza ne ya gagare shi, kuma ina kallo wuyan rigarsa na ƙara yi masa faɗi.

Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, har wa'adi ya cika aka sako ɗan Gwaggo. Bai dawo hannu wofi ba. Ashe akwai wata ƙungiya da ke shiga gidan kaso tana koya wa fursunoni sana'a, shi ɗinki ya koya, da zai fito suka ba shi keke. Ina tsaye bakin darni da ludayi a hannu aka wuce da keken a amalanke, an lulluɓe shi da zane kamar amarya, Gwaggo na biye tana kuka tana gode wa Allah, wata har da guɗa. Wanda ya yi sara ya dawo da sana'a, wanda aka sara ko sabulu ba wanda ya kawo masa.

Ban iya zama ba. Washegari na hau kabu-kabu sai Gazawa, na yi ta tambaya har aka nuna mini buron ƙungiyar, wato ofishinsu. Wata mata na tarar, ba ta girme ni ba. Na zazzage mata duk abin da ke cikina, a tsaye, ko kallon kujerar da ta nuna mini ban yi ba. Ta bar ni na gama. Ta ce gaskiya ne aikinsu na waɗanda suka fito daga kaso ne, don kada su fito ba abin yi su koma ɓarna, kuma ba ta jin kunyar wannan aiki. Sannan ta sassauta murya.

"Amma kina da gaskiya, wanda aka cuta shi ma yana da hakki. Hwaɗa mini, mi yayan naki yake buƙata? In abin da muke iyawa ne in kai maganar gaba."

Na buɗe baki. Keke? Da wane hannu? Hatsi? Rumbunmu bai taɓa zama wofi ba. Na tsaya ina kallonta, ni da na zo da magana cike da baki. Daga ƙarshe na ce, "Hannunshi." Ta sunkuyar da kai. Na fito fushina ya fi na shiga, don yanzu ban ma san da wa nake yi ba. Tambayar matar nan kuwa ta hau babur tare da ni har gida. Ina daka ina jin ta, ina matsar mai ina jin ta.

Ba a jima ba Baffa ya kira zaman sulhu, da liman da dattawa. Ɗan Gwaggo ya durƙusa ya nemi gafara, Yaya ya ce ya yafe, idonsa a ƙasa. Sai Baffa ya yanke hukuncin da yake ganin shi ne maganin abin. Ya ce tunda wasa ne ya jawo wannan musiba, daga yau ba wasa tsakaninsu, ba fizgar hula, ba baƙar magana, gaisuwa kawai da mutunci. Kowa ya ce Baffa ya yi hangen nesa. Aka shafa fatiha aka raba goro, har a garuruwan kusa ana ba da labarin yadda muka iya sulhu.

Abin da ya biyo baya da idona na gani. In ɗan Gwaggo ya hango Yaya a hanya sai ya tuɓe takalmi ya tsugunna, "Ina kwana, Yaya, an tashi lahiya?" kamar mai gaida suruki. Yaya, wanda bakin nan bai taɓa kiransa da sunan arziki ba, sai ya amsa a daƙile ya wuce. Kwana kaɗan ya canja hanyar masallaci. Duk tsugunnon nan ba abin da yake gaya masa sai ga musaki nan, a lallaɓa shi. Da yamma kuwa ɗan Gwaggo na zaune a bakin tabarma yana cin tuwon da na tuƙa, Yaya na bayan asabari. Mai sara yana cikin mutane, wanda aka sara sai ka ce shi alƙali ya ɗaure. Sau nawa na ɗaga gwangwanin barkono zan juye a kwanon waje, in tuna Baffa tsoho ne, in ajiye.

Bayan an yanke hatsi an cika rumbu, Yaya ya kira ni da matarsa ya ce zai tsallaka iyaka. Wani mutumin garinmu da ke ciniki a wajen Katsina ya samo masa gadin shago.

"Gadi, Yaya?" na ce. "Kai da gonarka da rumbunka?"

"Can ba wanda ya san ni da hannu biyu. In na sayi abinci na ci ni kaɗai ba mai cewa komi."

"Yaushe za ka dawo?"

Matarsa ta ja mayafi ta rufe fuska. Na san irin wannan tafiya, ba cin rani ba ce da ake dawowa da ruwan shuka. Irinta ce mutum zai yi ta aiko da gaisuwa har gaisuwar ta yanke.

Satin nan ban san inda kaina yake ba. Na ƙona gyaɗa a tukunyar suya har maƙwabta suka leƙo. In share tsakar gida, in ajiye tsintsiya, in sake ɗauka. Na je wurin Baffa na ce ya hana shi, ya ce namiji ba a hana shi neman abinci, kuma ai an yi sulhu, sauran me? Na ce sauran Yaya, ya ce in iya bakina. Na je wurin liman ya ce in yi ta addu'a. Na yi, amma ƙafata ta ƙi zama wuri ɗaya. Har ƙofar Gwaggo na je, na tsaya, na rasa me zan ce wa tsohuwar da ita ma ta sha nata kukan, na juyo.

Ranar kasuwar Gangara na bar wa maƙwabciyata tiren ƙuli na nufi rumfar ɗan Gwaggo. Tun da ya dawo ban yi masa magana ba, in ya gaishe ni in kau da kai. Yana zaune yana taka keke, ya rame, furfura ta fito masa a gemu. Hukuncin Baffa tsakanin su biyu ne, ni ba a sa da ni ba, don haka na tsaya a kansa na buɗe baki. Na ce mai kunnen jaki, na ce ɓarawon gawo, na ce wanda aka ba tukuici don ya iya sara. Na haɗa da na wasa da wanda ba na wasa ba, har mutane suka fara taruwa. Shi kuwa ya cire ƙafa daga keke ya sunkuyar da kai, ba abin da yake cewa sai "Allah ya ba ki haƙuri, Allah ya huci zuciyarki." Da ya rama da na ji sanyi. Wannan ladabin ya fi zagi ƙona mini rai.

"Kai, ɗago ka dube ni! Bakin ma can ka baro shi gidan kaso?"

Ya ɗago. Ya sa hannu ƙarƙashin tebur ya jawo wata leda ya miƙo mini. Wanduna biyu ne, ba mazagi, roba ya sa a ƙugun. Na tsaya ina jujjuya su. Ni da nake gida ɗaya da Yaya na san matarsa ce ke ɗaure masa mazagi kullum da safe, na san yakan ƙi shan ruwa in zai yi nisa don kada ya buƙaci kwancewa. Amma tunanin roba bai taɓa zo mini ba.

"Su na hwara ɗinkawa da hannuna ya hwaɗa," ya ce. "Na rasa ta inda zan ba shi."

"Shi ba wando ya dame shi ba. Jibi zai tahi. Ka san tun da aka ware mishi kwano bai ƙara cin tuwo waje ba?"

"Na sani." Ya murza zare a yatsa. "Can gidan kaso ma kowa da robar cin abincinshi. Ka karɓa, ka nemi bango, ka juya baya ka ci. Ni na san mi ake nuhi da kwano daban. Tuwonki da nike ci ƙohwar Baffa, wallahi ba ya wuce mini nan." Ya nuna maƙogwaronsa.

"To buɗe baki mana!"

"In ce mi? Baffa ya hana."

"Da ka ɗaga gatari Baffa ka tambaya?"

Na ga maganar ta shige shi, fuskarsa ta yi wani iri, ban janye ta ba. Na ɗauki ledar na tafi. Wandunan na ajiye wa Yaya a kan jakar tafiyarsa ban ce komai ba. Washegari na ga ɗaya a jikinsa. Bai tambayi wanda ya ɗinka ba, a garin da maɗinki ɗaya ne.

Ranar jajiberin tafiya na sa aka yanka zabi. Na yi miyar da ban taɓa yin irinta ba, na ɗiba wa matar Yaya da yara nasu suka ci da wuri, sauran tuwon da naman kaf na juye a babban kwano aka fitar. Ƙaramin kwanon ɗaki kuwa na kife shi a gindin murhu. Yaya ya dawo daga masallaci ya zauna yana jira. Da ya ji shiru ya ɗaga asabari.

"Ina tuwona?"

"Yana ƙohwar Baffa."

"Ke, ba ni son shashanci."

"Ni ma na gaji da kai wa ƙato tuwo ɗaki kamar mai jego. In kana ci ka hita."

Ban taɓa gaya masa magana irin wannan ba. Ya dube ni, na ga jijiyar wuyansa ta tashi, amma ban kau da ido ba. Ya ɗauki hula. Dama dole ne ya je ya yi wa Baffa sallama, na san da haka, a kan haka na shirya duk abin da na yi. Yana fita na zagaya bayan rumbu na manna ido a wata kafa ta darninmu da ke kallon ƙofar Baffa, ni da girmana.

Gari bai gama duhu ba. An riga an jawo kwanona tsakiya an buɗe. Yaya ya yi sallama ya tsaya daga bakin tabarma, hannun dama a aljihu kamar kullum, ya fara cewa gobe in Allah ya kai mu zai kama hanya. Baffa ya ce ya zauna ya ci abinci tukuna, ya waiwaya cikin gida ya ce a kawo langar nan da cokali. Na ji kamar in keta darnin in fita. Yaya ya ce a'a, alhamdu lillahi, ya juya zai tafi.

Sai na ji muryar ɗan Gwaggo daga ƙarshen tabarma.

"Ku bar shi ya tahi, Baffa. Wanga ko sadda yake da hannu biyu bai taɓa riga na ga nama ba, balle yanzu."

Wani dattijo ya ce subhanallahi. Baffa ya ɗaga sanda ya ce, "Kai! Mi muka ce?" Ɗan Gwaggo bai dube shi ba. Ya matso da gwiwa ya miƙa hannu, ya ɗauki cinyar da ta fi girma ya ɗaga ta sama yana jujjuyawa.

"Zabon gidanka ne, mai ƙaton ciki. Gobe war haka kana can kana shan garin kwaki."

Na toshe bakina da hannu. A raina na ce shi ke nan, ni na haɗa wannan, yanzu za a sake kiran jandarma. Yaya ya tsaya cak bai juyo ba, tsayuwar da na ji kamar ba za ta ƙare ba. Sannan ya juyo ya tako kan tabarma da takalminsa. Ya zaro hannun dama daga aljihu, hannun da ko 'ya'yansa ba ya bari su kalla, ya durƙusa ya danne wuyan hannun ɗan Gwaggo da shi a bakin kwano. Da hagu ya fizge cinyar.

"Ɓarawo," ya ce. "Gidan kaso ma bai raba ka da hali ba."

Ya kai baki. Ya zauna sosai ya tuɓe takalmi. Sannan ya sa hagu a cikin kwanon ya yanko tuwo, ya dangwali miya, ya ci, yana kallon mutane ɗaya bayan ɗaya.

Hannuwa suka tsaya a sama. Abin da aka sayo langa don kada a gani ke nan, ga shi an gani. Ɗan Gwaggo, hawaye na zuba masa har gemu, ya sa hannu daidai inda Yaya ya yanka, ya ɗebo ya ci. Ya ce yau ma mai ƙuli ta cika gishiri, kuma ƙarya yake. Baffa ya dubi langar da aka kawo, ya dubi su biyun, ya ajiye sanda. Ya yi bisimilla ya sa hannu, sauran suka bi. Mutum ɗaya ne ya janye ya ce ya ƙoshi. Har yau in Yaya ya sa hannu a kwano yana ƙoshi, ba wanda ya kula shi.

Da safe mai kabu-kabu ya zo, Yaya ya ce masa ya dawo wani satin. Jakar ta daɗe a bayan ƙofa a ɗaure, in zan wuce in harare ta, sai da aka yi ruwan shuka na ga matarsa ta kwance ta. Hannun bai warke ba, kuma ba zai warke ba. Akwai ranakun da Yaya ke tashi da baƙin rai ba ya son ganin ɗan Gwaggo ko daga nesa, shi kuma ya koyi gane ranakun ya kauce. Ni kaina ban ce na yafe ba, ba ma wanda ya tambaye ni. In na wuce rumfarsa ina zaginsa, rabi wasa rabi gaske, yanzu yana ramawa. Ban koma wurin matar buron ba. Na sami amsar tambayarta, amma ban san yadda za ta kai ta gaba ba.

Da aka dawo da kwanon a daren jajiberin nan, na kai shi kusa da fitila kafin in sa a ruwa. A suɗe yake tas. Sawun yatsu duk sun bi gefe ɗaya kamar yadda na saba gani, sai wuri guda inda suka bi ta ɗaya gefen, sawun hagu. Matar Yaya ta zo ta tsaya a kaina da soso a hannu tana jira, na nuna mata wurin. Ta duba, ta ajiye soson, ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Ba mu wanke kwanon ba sai da safe.